Yadda za ka sa tsohuwar Photoshop ta buɗe hotunan sabuwar kyamara

Matsalar nan ta fi kama masu sitidiyo da masu ɗaukar biki. Mutum ya tara kuɗi ya sayi sabuwar kyamara ko ya aro ta abokin sana'a, ya je ya ɗauki kamu da dina lafiya lau, ya dawo ya zuba memori a kwamfuta, yana jan hoton zuwa Photoshop ɗinsa CS3 ko CS6 sai wani ɗan akwati ya faɗo da turanci wai ba za a iya buɗe wannan fayil ba, ko dai ya ce bai gane irinsa ba ko ya ce Camera Raw ɗin da ke kai ba ta san wannan kyamarar ba. A kan kyamara kuwa hoton na nan ras kana ganinsa. To hotonka bai lalace ba, kuma ba sai ka yi fomatin kwamfuta ba, don na ga masu saurin zuwa nan, su goge komai su sake zuba Windows su dawo su tarar da saƙon na jiransu.

Abin da ke faruwa shi ne ka ɗauki hoton a RAW, wato ɗanyen abin da sansan kyamara, ɓangaren cikinta da ke karɓar haske, ta kama kafin a gyara masa kala da haske, kuma kowane kamfani da irin nasa, Canon na da CR2 da CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, Panasonic RW2. Photoshop ita kanta ba ta karanta waɗannan, akwai wata ƙaramar manhaja a maƙale da ita mai suna Camera Raw, ita ce ke buɗewa, kuma tana aiki ne kamar mai gadi da takardar sunaye a hannu, in sunan kyamararka ba ya cikin takardar ba za ka shiga ba ko da kuwa ƙarshen sunan fayil ɗin iri ɗaya ne da na tsohuwar kyamararka. Shi ya sa za ka ga CR2 na Canon 600D ya buɗe amma CR2 na 2000D ya ƙi, duk CR2 ne amma ɗaya yana cikin jerin ɗaya ba ya ciki.

Fara da gano ainihin abin da ke hannunka

Kafin ka sauke komai ka duba abu biyu. Na farko ƙarshen sunan fayil. Windows tana ɓoye shi, don haka buɗe foldar hotunan, a Windows 10 ka danna View a sama ka sa alama a File name extensions, a Windows 7 kuma ta Folder Options za ka bi ka cire alamar da ke kan ɓoye ƙarshen suna. Yanzu za ka ga ko CR3 ne ko NEF ko HEIC ko JPG, domin maganin kowanne daban ne, kuma mutane da yawa suna ɓata data wajen sauke maganin RAW alhali ciwonsu na hoton iPhone ne.

Na biyu lambar Camera Raw ɗinka. A cikin Photoshop ka je Help, sai About Plug-In, sai Camera Raw, wani ɗan allo zai fito da lamba, rubuta ta. In ka ga Camera Raw sau biyu a jerin to akwai kwafi biyu a kwamfutar suna rikici, za mu zo kansa. In babu ita sam, ko dai irin Photoshop ɗin nan ce da aka matse ake yawo da ita a filas wadda aka cire mata abubuwa da yawa, ko kuma Photoshop 7 ce.

Ga inda kowace ta tsaya, don Adobe ta daina sabunta su ne ɗaya bayan ɗaya. Photoshop CS ta 2003 ta tsaya a Camera Raw 2.4, CS2 ta 2005 ta tsaya a 3.7, CS3 ta 2007 a 4.6, CS4 a 5.7, CS5 ta 2010 a 6.7, sai CS6 ta 2012 wadda ta fi su jimawa, ta tsaya a 9.1.1 a tsakiyar 2015. Masu Lightroom kuma, wata manhajar gyaran hoto ta Adobe, ta ƙarshe da ake saya sau ɗaya ita ce ta 6, an rufe ta a 6.14 a ƙarshen 2017. Daga nan komai ya koma biyan wata-wata da dala, wanda kowa ya san yadda hakan yake ga mai ƙaramin shago. To ka kwatanta shekarar da kyamararka ta fito da waɗannan. Canon 750D da Nikon D750 da D7200 CS6 za ta iya buɗe su in an sabunta ta, amma 80D da 1300D da 5D Mark IV na 2016, da 2000D da 4000D na 2018, da Nikon D3400, D3500, D5600, D850, da Sony a7 III, duk sun zo bayan an rufe ƙofa. CR3 kuwa ba a ma maganarsa, a 2018 ya fara da Canon M50, kuma shi ne a kan 250D da 90D da RP da R6 da sauran dangin R, babu wata CS da ta taɓa jin labarinsa.

In lambarka ba ta kai ƙarshen layinta ba

Misali kana da CS6 amma Camera Raw ɗin ta nuna 7.0, ko CS5 tana nuna 6.0, to akwai sauran tafiya, sabunta ta kawai na iya kashe maganar. Ka nemi ta ƙarshe ta layinka a shafin taimako na Adobe, ka tabbata ta layinka ce, don Camera Raw 9 ba za ta hau CS5 ba duk yadda ka yi, ta yanzu ma ba za ta hau CS6 ba, in ka tilasta sai ka ɓata wadda ke aiki. Ka rufe Photoshop da Bridge, manhajar duba hotuna da ke zuwa tare da ita, gaba ɗaya kafin ka fara. Ta CS6 tana zuwa da abin sakawa, ka danna ka bi shi har ya gama. Na su CS2 da CS3 fayil ɗaya ne mai suna Camera Raw.8bi da za ka kwafa da hannu zuwa C, Program Files, Common Files, Adobe, Plug-Ins, sai foldar CS3 ko CS2, sai File Formats. In Windows ɗinka mai 64 ce tsohuwar Photoshop kuma mai 32, to a ɗaya Program Files ɗin mai x86 a jiki za ka nema. Tsohon fayil ɗin da ka tarar a ciki kar ka goge shi, kuma kar ka canza masa suna ka bar shi a wurin, ɗauke shi gaba ɗaya ka kai Desktop ka ajiye, saboda barinsa a ciki shi ke kawo kwafi biyun nan da na ambata. Ka sake buɗe Photoshop ka duba lambar ta canza.

Gargaɗi ɗaya a nan, in kana da CS2, CS3 ko CS4 ta gaskiya mai lasisi kuma tana aiki, kar ka cire ta da sunan za ka sake sakawa, Adobe ta kashe na'urorin da ke tabbatar da lasisin waɗannan, fitarta sauƙi komawarta aiki.

In ka kai ƙarshen layi kuma har yanzu ta ƙi

Nan ne asalin maganar. Ka daina neman abin da zai koya wa tsohuwar Photoshop sabuwar kyamara, babu shi, duk shafin da ya ce maka ga wani faci da zai sa CS3 ta buɗe CR3 kai tsaye ka bar shi, bairos za ka kwaso. Abin da ake yi shi ne a juya hoton zuwa irin da tsohuwar ta sani, kuma Adobe da kanta ta ba da abin yin hakan kyauta, sunansa Adobe DNG Converter. DNG wani nau'in RAW ne na bai-ɗaya da suka fitar a 2004, fayil ɗin yana ɗauke da bayanin yadda za a karanta kalarsa a cikinsa, don haka Camera Raw ba ta buƙatar sanin kyamarar. Hoton yana nan a ɗanyensa, za ka iya gyara farin haske da dawo da farar shadda da ta ƙone da buɗe duhun fuska kamar yadda ka saba, ba kamar JPG ba. Ba ya neman lasisi, ba ya neman ka biya wata.

Ka sauke shi daga shafin Adobe kawai. Babba ne fa, ɗaruruwan megabait, don haka ka jira datar dare ko ka samu waifai, in ka sauke kuma ka ajiye kwafi a filas don abokan sana'a. Sababbin suna son Windows 10 mai 64 zuwa sama. In kana kan Windows 7 sai ka nemi na baya wanda ke hawa, amma ka tuna shi ma yana da tasa takardar sunayen, dole ya zama ya fito bayan kyamararka. In lissafin bai haɗu ba, wato kyamarar ta yi sabunta da yawa Windows ɗin ta yi tsufa da yawa, to ka saka shi a wata laftof mai Windows 10, ka juya hotunan a can ka kwaso DNG ɗin a filas zuwa kwamfutar aiki, shi kenan, ba dole sai suna kan na'ura ɗaya ba.

Bayan ka saka, ba lallai ka gan shi a Desktop ba, nemo shi ta Start. Kafin ka buɗe shi ka kwafe hotunan daga memori zuwa folda a kan kwamfuta, kwafi nake nufi ba yankewa ba, in wuta ta ɗauke ko waya ta motsa ana tsakiyar yankewa za ka iya rasa wasu, kuma kar ka yi juyin kai tsaye daga kan memori.

Allon nasa kashi huɗu ne daga sama zuwa ƙasa. A na farko ka danna Select Folder. To nan ne kusan kowa ke cewa abin ba ya aiki, don in ka shiga foldar za ka ga kamar babu komai a ciki ko hotunan sun yi toka-toka ba sa dannuwa. Haka yake, folda yake zaɓa ba hoto ɗaya-ɗaya ba. Ka tsaya a kan foldar ka danna Select, zai kwashe duk RAW ɗin da ke ciki. In hotuna goma kawai kake so cikin ɗari biyar, ka buɗe sabuwar folda ka zuba goman a ciki ka nuna masa ita. Akwai wurin sa alama in kana so ya shiga ƙananan foldoji da ke ciki.

A na biyu ka zaɓi inda zai ajiye. Ni dai shawarata sabuwar folda, ka sa mata suna irin DNG bikin wane, don in suka cakuɗe da na asali da suna iri ɗaya sai ka dinga danna wanda ba ya buɗewa kana tsaki. Na uku na suna ne, bar shi a Document Name yadda yake, lambar hoton ta zama ɗaya da ta asali, ranar da kwastoma ya ce lamba kaza yake so a ƙara girma ba sai ka yi ta lalube ba.

Na huɗu shi ne mai muhimmancin, kuma shi ake tsallakewa. Danna Change Preferences. A sama akwai Compatibility, yana zuwa a kan wata sabuwar lamba da tsohuwarka ba ta kai ba, in ka bar shi haka za ka juya hotuna ɗari uku ka zo buɗewa su ƙi, ka ce DNG ma ƙarya ne. Ka sauke shi zuwa lambar da ba ta wuce taka ba. Mai CS6 da mai Lightroom 4, 5 ko 6 su zaɓi 7.1 and later. Mai CS5 da ya sabunta zuwa 6.7 ya ɗauki 6.6, in bai sabunta ba 5.4. Mai CS4 5.4, mai CS3 4.6, mai CS2 ko CS kuma 2.4. In kana shakka ka sauka mataki ɗaya ƙasa, ba ya rage kyan hoto yadda ido zai gani, hawa sama ne ke hana buɗewa.

Sauran abubuwan wurin, JPEG Preview ka bar shi a Medium ya isa. Use Lossy Compression kar ka taɓa shi, yana rage nauyi amma yana zubar da wani sashe na bayanin hoton, kuma tsofaffin sosai ba sa karanta shi. Embed Original Raw File shi kuma yana cusa fayil ɗin asali a cikin DNG ɗin, nauyi ya kusa ninkawa, ba ka buƙatarsa in dai za ka ajiye na asalin daban, wanda dole ne ka ajiye. Danna OK, sai Convert. Zai jero su yana rubuta Converted a gaban kowanne, tsohuwar kwamfuta za ta ɗan ja lokaci, in laftof ce ka jona ta da caji.

Kar ka fara da duka. Hoto biyu ko uku ka fara gwadawa, ka ja ɗaya zuwa Photoshop, in allon Camera Raw ya buɗe da shi to setin ya zauna, sai ka saki sauran. Yana tuna setin, gobe ba sai ka sake ba.

Wasu abubuwa da za ka lura da su bayan ya buɗe. Kalar ba za ta zama sak da wadda ka gani a bayan kyamara ba, sau da yawa za ta fi dushewa, wannan ba laifin juyin ba ne, abin da kyamara ke nuna maka ɗan JPG ne da ta riga ta yi wa kwalliya, Camera Raw kuma daga ɗanye take farawa. Ka leƙa shafin Camera Calibration ka ga ko akwai wani zaɓi a Camera Profile da ya fi dacewa da fatar mutanenka, in ka samu setin da ya yi maka ka ajiye shi ka dinga ɗorawa sauran. Gyaran da ka yi kuma a cikin DNG ɗin yake zama, ba kamar CR2 da NEF da ke haifar da ɗan fayil na XMP a gefe ba, wannan ma sauƙi ne wajen kwashe aiki. In Fujifilm ce kuma ka ga hoton ya fito da wani irin zane-zane ko ya ƙi, ka koma Compatibility ka zaɓi Custom ka sa alama a Linear, fayil ɗin zai yi nauyi sosai amma zai buɗe. Kuma in wani ya turo maka DNG na waya, irin na iPhone ko Samsung, ya ƙi buɗewa duk da DNG ne, ka bi da shi ta cikin wannan manhajar da ƙaramar lamba ka gwada, sababbin DNG suna amfani da matsi da tsofaffi ba su sani ba.

Na asalin fa kar ka goge su don ka ga DNG ya buɗe. Manhajar kamfanin kyamararka ba ta karɓar DNG ɗin da aka juya, ranar da ka buƙace ta sai na asali. Ka kwashe su zuwa wani had dis na waje, aƙalla har a karɓi albam a biya ka.

Masu Photoshop 7 da masu Corel

Photoshop 7 ta 2002 har yau tana nan daram a shagunan fasfo, don ba ta da nauyi kuma hannu ya saba. Ita DNG ma ba ta san shi ba, ta riga shi zuwa duniya. Hanyarku ita ce manhajar kamfanin kyamara, kuma kyauta ce. Canon na da Digital Photo Professional, wajen saukewa za su tambayi lambar jikin kyamararka, tana ƙasan bodi. Nikon na da NX Studio, Sony na da Imaging Edge Desktop. Ka buɗe RAW ɗin a ciki, ka gyara haske da farin kala a nan tukuna, don da zarar ya fita daga RAW wannan damar ta ragu, sannan ka fitar da shi a TIFF ko JPG mai cikakken kwaliti. A ta Canon Convert and save na hoto ɗaya ne, Batch process na tari. Wannan hanyar tana da wata riba ma, kalar tana fitowa irin ta bayan kyamara tunda kamfanin ne ya san sirrin kayansa, shi ya sa wasu masu CS6 ma suka fi son ta a kan DNG in aikin na fuska ne.

Wajen TIFF ka yi lissafin wuri. Hoton kyamara mai megafiksel 24 in ka fitar da shi a 16 bit ba matsi yana kai wajen megabait 144, a 8 bit rabin haka, 72. Hotunan biki ɗari biyu a 16 bit sun kusa gigabait 29, ka ga ba abin wasa ba ne. Ga Photoshop 7 ka tsaya a 8 bit kawai, yawancin kayan aikinta ba sa yi a 16. Kuma gaskiya in fasfo ne ko hoton da za a wanke a ƙaramin kati, JPG mai kwaliti na ƙarshe ya wadatar, TIFF na wanda za a yi wa doguwar tiyata ne ko babban firem. Kalar kuma ka bar ta a sRGB, ita yawancin wuraren wanki ke tsammani, in ka kai musu Adobe RGB ba su lura ba sai jan leshi ya fito kamar ya sha wanki. Haka masu tsohuwar CorelDraw da ke haɗa kalanda da katin gayyata, TIFF ko JPG za ku shigo da shi.

In manhajar kamfanin ta ƙi hawa kwamfutarka akwai RawTherapee da darktable, kyauta ne su ma, sababbinsu suna buɗe CR3, sai dai allon nasu yana da ɗan rikitarwa a farko, amma don ka buɗe ka fitar da TIFF ba wani abu ba ne.

Abubuwa biyu da ba sa aiki, don kar ka ɓata lokaci. Canza ƙarshen suna daga CR3 zuwa CR2 ko zuwa JPG ba ya canza abin da ke ciki, ginin fayil ɗin daban ne gaba ɗaya. Sai Raw Image Extension na Microsoft Store, yana da amfani don yana sa ka ga ƙananan hotunan a folda maimakon farar takarda, amma Windows yake taimaka wa, Photoshop ba ta amfana da shi. Akwai kuma masu shiga cikin fayil da wata manhaja mai suna ExifTool su canza sunan kyamarar zuwa na wata tsohuwa don su yaudari Camera Raw, wani lokaci yana buɗewa in sansan biyun kusan ɗaya ne, amma kala na iya karkacewa ko gefen hoto ya yanke, ga DNG na kyauta ban ga dalilin wannan wahalar ba.

In ba RAW ba ne

Kwastoma ya turo hoto daga iPhone ka ga HEIC a ƙarshe. Tun iOS 11 a 2017 iPhone ke ajiye hoto a haka, wasu wayoyin Samsung ma suna da zaɓin, kuma babu tsohuwar Photoshop da ke buɗe shi. DNG Converter ba ruwansa da wannan. Mafi sauƙi a gyara daga tushe, mai wayar ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, daga nan duk abin da ya ɗauka JPG ne. Waɗanda aka riga aka ɗauka kuma in ta waya za a jona da kwamfuta, ya nemo Photos a cikin Settings, can ƙasa wajen tura wa kwamfuta ya sa Automatic, wayar za ta juya su da kanta lokacin kwafa. In sun riga sun iso hannunka a HEIC sai ka juya su da XnConvert, wata manhajar juya hotuna, ka zuba su duka ka zaɓi JPG ka ɗaga kwaliti. Akwai shafukan intanet masu juyawa amma ka yi tunani kafin ka ɗora hotunan matan mutane a shafin da ba ka san mai shi ba. Sababbin Canon irin R5 da R6 su ma in aka kunna HDR PQ suna fitar da wani fayil mai HIF a ƙarshe, dangin HEIC ne, kashe setin in ba ka da buƙata, waɗanda aka riga aka ɗauka kuma kyamarar na iya mayar da su JPG daga cikin menu.

WebP kuma hotunan da ake saukewa daga shafuka ne, sai a 2022 Photoshop ta fara buɗe shi da kanta. XnConvert ɗin dai shi ne. Wani lokaci ma sunan na cewa JPG amma cikinsa WebP ne ko PNG, shi ya sa Photoshop ke cewa ta ga alamar da ba ta gane ba.

Sai JPG na gaskiya da ya ƙi buɗewa, yawanci wanda ya bi ta WhatsApp ko Facebook, saƙon yana maganar matsala wajen parsing na JPEG. Wannan maganinsa minti ɗaya ne, danna dama a kan hoton, Open with, Paint, sai Save as, JPEG, ka ba shi sabon suna. Paint ba ta da tsaurin ido irin na Photoshop, tana buɗewa ta sake rubuta fayil ɗin daidai. In ba ka so kwaliti ya ƙara raguwa ka ajiye a PNG. Kuma ka riƙa gaya wa kwastomomi su turo hoto a matsayin Document, don in suka turo ta hanyar da aka saba WhatsApp na matse shi, ka zo wankewa a babba fuska ta farfashe a ce kai ne ba ka iya ba.

In duk an yi kuma ya ƙi

Duba nauyin fayil ɗin. RAW na kyamarar zamani yana kai megabait ashirin zuwa sama, in ka ga sifili ko 'yan kilobait to kwafin ne bai cika ba, ka sake kwafa da wani kad rida ko ka jona kyamarar kai tsaye da waya. In DNG Converter ya rubuta kuskure a gaban wasu kaɗan sauran suka wuce, waɗannan kaɗan ɗin ne suka samu rauni, gwada su a manhajar kamfani. In a gaban duka ya rubuta to shi ne ya tsufa da kyamarar, nemi sabo. In kana zargin memorin ne kar ka ƙara ɗaukar komai a kansa kuma kar ka yi masa fomat har sai an ceto abin da za a ceto.

Akwai kuma wanda hoton zai fara buɗewa sai ta ce RAM bai isa ba ko scratch disk, wato filin had dis da take aro tana aiki, ya cika. Tsofaffin masu 32 bit ba sa iya cin RAM mai yawa ko da ka cika kwamfutar da shi, ga hoton D850 megafiksel 45. A ƙasan allon Camera Raw akwai wani shuɗin rubutu, danna shi ka mayar da zurfin 8 bit ka rage girman da zai buɗe da shi, ka kuma share wuri a C. Photoshop 7 tana da wata tsiya ta daban, in faifan da take amfani da shi yana da filin da ya haura terabait ɗaya sai ta rikice ta ce ya cika, sai ka nuna mata ƙaramin fatishan, wato wani yanki na had dis, a Preferences.

Don gaba kuma, ka shiga menu na kyamara wajen Image quality ka sa RAW da JPG tare, musamman in aro ka yi ko yau ka fara fita da ita. Yana cin memori kam, amma ka dawo da JPG da kowace irin manhaja za ta buɗe nan take, ka tura wa masu biki na gani-da-ido a daren, RAW ɗin kuma ka juya waɗanda aka zaɓa kawai maimakon duka ɗari takwas. Kuma kafin ranar aiki ka ɗauki hoto ko guda uku a shago ka bi da su duk hanyar nan har su buɗe a Photoshop ɗinka.